Sakamakon Gwajin Bayan Gida Ya Fito: Me Ya Kamata Ya Sauya A Gidanki?

Uwargida mai juna biyu, wata rana idan kika je awo, malamar asibiti za ta iya miƙa miki 'yar kwalbar roba mai murfi, ta ce ki kawo bayan gida. Mata da yawa kan karɓa su soke ta a jaka, ba a sake jin labarinta. Wasu kuma kan daure su kawo, sakamako ya fito, a ba su magani, shi ke nan zance ya mutu. Gida yana nan yadda yake, tukunya tana nan yadda take, maigida bai ma san an yi wani gwaji ba. Bayan wata uku sai a dawo da ciwon da aka zo da shi tun farko.

Wannan bayani naki ne, ke da ke zuwa awo daga Gwandu ko Kalgo ko ƙauyukan da ke kewaye da su. Amma ki daure ki kai shi gida, ki karanta wa maigida ko ya karanta da kansa, domin rabin maganar tasa ce. Hanjinki na cin abin da ya shigo da shi daga kasuwa, kuma ku biyun ban ɗaki ɗaya kuke shiga.

Me ake nema a cikin kwalbar?

Ba don a kunyata ki ake neman bayan gida ba. A ɗakin gwaji ana ɗibar ɗan kaɗan a duba da madubin likita, a nemi ƙwayayen tsutsar ciki, da ƙwayoyin cutar atuni, da alamar jini. Dalilin da ya sa aka damu da ke musamman shi ne ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu jininsu bai cika ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci mai gina jini su ne kan gaba wajen jawo haka, amma akwai ɓarawon da ke aiki a ɓoye, wato wata ƙaramar tsutsa mai baki kamar ƙugiya wadda ke maƙalewa a jikin hanji tana zuƙar jini dare da rana. Mace sai ta yi ta shan maganin ƙarin jini, a auna a ga bai hau ba. Ana zuba ruwa ne a tulun da ya huje.

Domin gwajin ya faɗi gaskiya, ki yi bayan gidan a cikin fo mai tsabta ko kan leda, kada ya haɗu da fitsari ko ruwa ko ƙasa. Ki ɗibi kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu da ɗan cokalin da ke jikin murfin. In akwai wurin da ke da majina ko jini, nan za ki ɗiba. Ki kai shi da wuri, cikin awa guda in da hali, kada ya kwana. Ki gaya wa likita duk maganin da kika sha a kwanakin nan, har da na gargajiya. Wani lokaci akan ce ki sake kawowa sau biyu ko uku, saboda tsutsa ba kullum take zuba ƙwai ba. Wannan ba ya nufin an yi sakaci da na farko.

Idan an ga tsutsa

Maganinta ba shi da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai juna biyu ƙwaya ɗaya ta albendazole mai nauyin miligiram 400, ko mebendazole mai miligiram 500, amma sai bayan ciki ya wuce wata uku na farko. Saboda haka kada ki aika yaro kemis ya sayo miki. Ki bari a lissafa watannin cikinki a wurin awo.

Sai dai ƙwayar magani tana kashe tsutsar da ke cikinki yau ne kawai. Ta gobe tana nan a inda kika samo ta jiya. Wannan tsutsa mai ƙugiya galibi ba ta baki take shiga ba. Ƙwanta na fita a bayan gidan mai ɗauke da ita, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai danshi, 'ya'yan su huda fatar ƙafa su shige jiki. Duk wadda ke zuwa fadama ko gona ba takalmi, ko take taka bayan gari inda yara ke tsugunawa, ta san inda ta samo. Silifa na roba ya fi maganin tsutsa sauƙin kuɗi idan aka lissafa sau nawa za a sha shi. Sauran tsutsotsin, irin doguwar nan da kan fito a bayan gidan yara, ta hannu da abinci suke shiga: latas da kabeji da karas da aka ci ba a wanke sosai ba, ruwan rijiyar da ba ta da murfi, hannun da ya wanke wa yaro kashi aka tsoma shi a ƙullun koko ba a sa masa sabulu ba.

A nan ne aikin maigida yake farawa. Idan an ga tsutsa a jikin matarka, Malam, to mai yiwuwa ne tana jikinka da na yaranka da na abokiyar zamanta, domin ƙasa ɗaya kuke takawa, ruwa ɗaya kuke sha. Ka tambayi ma'aikacin lafiya yadda za a duba sauran mutanen gida. Ka dubi masai: yana da murfi? Ya cika? Yana nesa da rijiya? Akwai buta da sabulu a bakin ƙofarsa? Kashin jariri da na ɗan yaye ma masai ake zuba shi. Wasu na ganin ba shi da illa, alhali ƙwayoyin cuta ne cike da shi. A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Mutanen Jigawa ba su fi mu arziki ba, gida-gida aka bi aka haƙa masai.

Masu noman shinkafa da masu su da ke yini a ruwa su lura da wani abu. Tsargiya da muka sani da fitsarin jini tana da wata iri da ke zama a jijiyoyin hanji, ta sa ciwon ciki da jini a bayan gida. Ita ma ta fata take shiga idan an shiga ruwan da ke da ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ita. Tana da magani, praziquantel, kuma likita zai iya ba mai ciki a lokacin da ya dace. In wanki ko wanka a gulbi ko tafki ne al'adarki, ki faɗa a wurin awo ko ba a tambaye ki ba.

Idan an ce ba a ga komai ba

Ki gode wa Allah, amma ki ji wannan. A ƙasar Norwe likitoci sun bi diddigin dubban mutanen da aka duba musu hanji, suka kwatanta su da waɗanda ba a duba ba. Rahoton da suka fitar a 2007 ya nuna cewa bayan shekara 3, waɗanda aka duba ɗin ba su kai sauran gyara halinsu ba wajen motsa jiki da cin kayan marmari da barin taba, har ma sun ɗan fi ƙara ƙiba. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma dalilinsa sananne ne a wurinmu: mutum ya ji an ce lafiyarsa lau, sai ya ɗauki takardar tamkar laya. Gwaji yana faɗin halin da hanji yake ciki ne a ranar da aka duba. Bai ce komai ba game da abin da za ki ci daga gobe.

Kuma mafi yawan abin da ke damun mai ciki a wannan ɓangare ba ya fitowa a madubi. Taurin bayan gida ne, da basir.

Taurin bayan gida da maganin ƙarin jini

Idan ciki ya shiga, jiki na fitar da wani sinadari da ke sassauta naman mahaifa domin ta riƙe ɗa. Shi ne kuma ke sassauta hanji, sai tafiyar abinci ta yi nawa, hanji ya tsotse ruwan da ke ciki, bayan gida ya bushe. Ga mahaifa tana girma tana danne shi. Ga kuma jar ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki, wadda ita ma kan ƙara taurin, ta kuma mai da bayan gida baƙi-baƙi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mace ta ajiye ƙwayar ba ta gaya wa kowa ba. Kada ki yi haka. Ranar haihuwa kowace mace tana zubar da jini, kuma wadda ta shiga ɗakin haihuwa da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita zai iya kayar da ita. Idan ƙwayar na wahalar da ke, ki faɗa. Ana iya sauya miki iri, ko lokacin sha, ko yadda za ki riƙa sha. Baƙin da take sa wa bayan gida ba cuta ba ne. Wanda ake tsoro shi ne baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, musamman in da jiri. Wannan jini ne daga can sama, a zo asibiti a ranar. Kuma kada ki haɗiye ƙwayar da shayi, domin ganyen shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin. Ki bar tsakaninsu kamar awa biyu. Lemu ko gwaiba kuwa taimaka masa suke yi.

Sai ruwa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a wannan yanki namu, gumi na kwashe ruwan jiki kafin ya kai hanji. Ki sha kamar kofi 8 zuwa 10 a yini, fiye da haka in ana zafi. Fitsarinki zai gaya miki gaskiya: in ya yi ja-ja kamar ruwan shayi, ruwan bai isa ba. Mun san wasu na rage shan ruwa don gudun yawan fita, musamman ranar tafiya ko ranar awo. Yawan fitsarin ya fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya.

Tukunyar gida

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne maganin yake.

Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Uganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka ba su cika fama da taurin bayan gida da ciwon dajin babban hanji kamar Turawa ba. A farkon shekarun 1970 ya danganta wannan da irin abincinsu: hatsi da dusarsa, wake, da ganye. Shekaru da yawa bayan haka, a 2015, aka buga sakamakon wani gwaji mai ban mamaki. An ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, aka musanya musu abinci na mako biyu kacal. 'Yan Amurka suka koma cin masara da wake da ganye, 'yan karkara suka koma cin soyayyen nama da abinci mai maiƙo. Da aka leƙa hanjinsu, na 'yan Amurka ya nuna alamun samun sauƙi, na 'yan karkara kuwa ya fara nuna sauye-sauyen da likitoci ke dangantawa da haɗarin ciwon daji. Mako biyu fa.

Abin da 'yan Amurkan nan suka je nema, shi ne abin da kakanninmu a Gwandu suka tashi da shi: tuwon dawa da miyar kuka, fura, kunun gero, ɗanwake, dambu, fate, kwaɗon rama da na zogale, miyar kuɓewa da ta yakuwa da ta tafasa. Dusar hatsi da zaren ganye ba sa narkewa a ciki. Suna riƙe ruwa, su sa bayan gida ya yi laushi ya fita ba yunƙuri, kuma su ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji.

To amma tukunyarmu ta sauya. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi a 2015, shinkafa ta ƙara yawa, kuma alheri ce ga manomi, ba wanda zai ce a daina ci. Sai dai farar shinkafar da inji ya goge tas ta rabu da dusarta. Ki haɗa ta da farin burodi da shayi da safe, taliyar leda da rana, lemun kwalba a kai, ki ga an yini ba abin da zai tura hanji. A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Kalgo da Birnin Kebbi an fi ganin haka, har wasu na yi wa tuwon dawa kallon abincin wanda bai samu ba. A ganinmu wannan asara ce babba.

Gyaran ba ya bukatar sabon kuɗi. In za a dafa shinkafa, a sa mata wake da ganye, ko a yi amfani da ta gida wadda aka turara ba a goge ta sosai ba. In za a yi surfe, kada a surfe gero da dawa har su yi fari fat, a bar musu ɗan jikinsu. A ci tuwon dawa ko na gero ko da sau ɗaya ne a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2023, ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Miyar ganye mai kauri ta shiga lissafi, haka mangwaro da gwaiba da kankana da lemu da nunanniyar gwanda, kowanne a lokacinsa da yake araha. Lemu kuma a ci shi da totuwarsa, kada a tsotse a yar. Ki ƙara a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, in ba haka ba ciki zai kumbura da iska ki ce abin bai karɓe ki ba. Ganyen zogale abinci ne mai kyau, amma saiwarsa da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne. Cin ƙasa ko farar ƙasa da kwaɗayin ciki kan jawo kuwa yana ƙara taurin bayan gida, yana iya kawo ƙwan tsutsa, kuma sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini. Ki faɗa ba kunya.

Maganar nama tana bukatar a yi ta da hankali. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin babban hanji, ta ce cin giram 50 a kowace rana na ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Ta kuma ce mai yiwuwa ne yawan cin jan nama ma yana da hannu. Wannan gargaɗi ya fi shafar maigidan da kullum dare sai ya tsaya wurin mai tsire, yana zaɓen wanda ya ƙone. Ke kuwa mai ciki kina bukatar nama da kifi da ƙwai domin jini. A gidaje da yawa matsalar ita ce naman na ƙarewa a bakin titi bai iso gida ba. Da Malam zai rage tsayawa can, ya kawo kuɗin a sa kifi ko nama a miya, da an gyara hanji biyu a lokaci guda.

Basir

Ciwo ne tsoho a ƙasar nan, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta ɗan littafi a kan magungunansa kusan shekara 200 da suka wuce. A wurin likita, basir jijiyoyin jini ne na bakin dubura da suka kumbura. Nauyin ciki da yunƙuri ke fito da su, shi ya sa suka fi yawa a watanni uku na ƙarshe da kuma bayan haihuwa. Yawancinsu kan koma da kansu cikin makonni idan bayan gida ya yi laushi. Da kin ji bayan gida ki tashi, kada ki riƙe don akwai baƙi a tsakar gida. Kada ki daɗe a tsugune, kada ki yi nishi da ƙarfi. Tsugunon masai irin namu ma ya fi zaman kujerar bature sauƙaƙa fita. Ki yi tsarki da ruwa a hankali, ki zauna a ruwan ɗumi na minti goma sau biyu ko uku a rana, ki riƙa kwanciya ta gefen hagu. In duk wannan bai yi ba, akwai maganin laushi da likita zai rubuta wanda ba ya cutar da ɗa.

Abin da muke roƙon ki shi ne ki nisanci jarkar mai lasifika ta ranar kasuwa, da duk wani maganin wankin ciki, da man zurma. Ba a san abin da ke cikin jarka ba, ba a san awonsa ba. Mai ƙarfin cikinsu na iya sa gudawar da za ta ƙarar da ruwan jiki, ko ta tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Inna da Hajiya da ke kawo jiƙo don ƙauna suke yi, a yi musu bayani da ladabi, ko a zo da su awo su ji da kunnensu.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin sunan kansa. A bakinmu kusan komai basir ne: ciwon baya, kasala, kumburin ciki, raunin maigida, jini a bayan gida. Ƙarƙashin wannan suna ciwon dajin hanji ke ɓuya. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna ba da rahoton cewa masu wannan ciwo kan zo asibiti a makare, kuma da yawansu ba su kai shekarun da ake ganinsa a Turai ba. Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wurin tsarki. Amma idan jini ya cakuɗe da bayan gidan, ko yanayin fitarsa ya sauya har makonni, yau gudawa gobe tauri, ko ya sirance, ko an gama amma ana jin da saura, ko ana ramewa ba dalili, ko jini ya ƙi hawa duk da magani, to sai likita ya duba da hannunsa da idonsa. Ciki ba ya hana a duba ki. Kuma duk lokacin da kika ga jini ba ki tabbatar ta gaba ya fito ko ta baya ba, kada ki jira gari ya waye.

Gwajin maigida da na iyaye

Akwai wani gwajin bayan gida na daban mai gano jinin da ido ba ya gani. Ba ya cikin gwajin awo, an fi yin sa ga waɗanda suka manyanta. A Amurka an sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45 a 2021. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon dajin hanji, akan ba shi shawarar ya fara tun yana 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya kama ɗan'uwan. Dalili shi ne yawancin wannan ciwo na farawa ne da ɗan tsiro a cikin hanji wanda kan ɗauki kimanin shekara 10 kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, ana cire shi a lokacin da ake leƙa hanjin da siririyar na'ura mai kyamara, ba tare da an yanka ciki ba.

Idan gwajin ya nuna jini, kada gida ya rikice. A wani bincike da likitocin Ile-Ife da abokan aikinsu suka buga a 2022, an gwada sama da mutum 2,000 a kudu maso yammacin Nijeriya, kusan ɗaya cikin biyar gwajinsu ya nuna jini, amma da aka leƙa hanjinsu 'yan ƙalilan ne ke da ciwon daji. Basir ne ya fi yawa. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ga jinin ba su je an leƙa ba, kuma ba mai iya cewa me ke cikinsu. In an tura maigidanki ko surukinki daga asibitin Gwandu ko na Kalgo zuwa babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ki kasance cikin masu matsa masa ya je. Maza sun fi mata jin nauyin wannan bincike, kuma sukan fake da cewa aikin gona bai bari ba.

Me ya sa muke ta kiran maigida? A Ingila an bi ma'aurata 3,722 masu shekara 50 zuwa sama, aka buga sakamakon a 2015. Cikin mazan da ke shan taba, kusan rabi sun daina idan matar ma ta daina, amma inda ta ci gaba da sha, kashi 8 cikin 100 kawai suka iya. Haka aka gani wajen motsa jiki da rage ƙiba, ga maza da mata duka. Zamanmu da nasu ba ɗaya ba ne, amma a wurinmu abin ya ma fi ƙarfi, tunda shi ke cefane, shi ke ba da izinin fita, kuma ba a ɗora wa mace ɗaya tukunya daban a gidan mutum goma. In an ce ki ci wake da ganye alhali shi ya ce ba ya son su a gidansa, shawarar ta tsaya a ƙofar asibiti.

Saboda haka, Malam, in kana shan taba ko shisha, ga lokacin bari ya zo: hayaƙin na rage nauyin jaririn da ke ciki, kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon dajin hanjinka. In matarka mai zaman gida ce ko mai aikin ofis, tana bukatar tafiya a ƙasa kamar minti 30 a yawancin ranakun mako, sai fa in likita ya hana. Bayan la'asar ko bayan magariba in rana ta yi sanyi, ko da zagayen tsakar gida ne, ku yi tare. Wadda kuwa ke yini tana daka da ɗibar ruwa da aikin fadama ba ta bukatar ƙarin motsi. Ita hutu take bukata, da wanda zai karɓar mata tulu.

Bayan haihuwa ma a ci gaba. Kwanakin farko na jego mace kan ji tsoron shiga ban ɗaki, musamman in an yi mata ɗinki, sai ta riƙe, basir ya samu ƙofa. A ba ta ruwa da kunu da miyar ganye da kayan marmari tun ranar farko. A rage kanwa a kunu, domin gishirin da ke cikinta na ɗora wa zuciyar mai jego nauyi. In kwana uku suka wuce ba ta yi bayan gida ba, a gaya wa ungozoma. Ranar da za ki dawo awo na gaba, ki zo da takardar sakamakon gwajinki tare da katin awo, da ragowar duk maganin da kike sha, na asibiti da na gida, a cikin leda ɗaya.